Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Za Ka Shirya Jiki da Zuciya Kafin Horon Zaratan Sojoji

A sansanin horar da zaratan sojojin ruwan Amurka da ke Koronado, a jihar Kaliforniya, akwai wata ƙararrawa ta tagulla rataye inda kowa ke ganinta. Wanda ya ji horon ya fi ƙarfinsa ba sai ya roƙi kowa ba. Zuwa zai yi ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa, ya kama gabansa. Mafi yawan waɗanda suka fara wannan horo ba sa ganin ƙarshensa, kuma babu rago a cikinsu, domin kowannensu sai da ya ci jarrabawar gudu da iyo kafin a bar shi ya taka ƙofar wurin. Abu biyu ke cinye su: jikin da bai saba da wahalar yau da gobe ba har ya karye, da zuciyar da take fara ciniki da mai ita idan dare ya tsala.

Ƙanena, idan burinka ka shiga dakaru na musamman a Najeriya, ka sani ba a tsallakawa daga titi zuwa can. Sai ka fara zama soja, ko ta Daffo na Zariya inda ake horar da kurata tun 1924, ko ta makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna. Daga nan ne hanya ke buɗewa zuwa wurare irin su makarantar dakaru na musamman ta sojan ƙasa a Buni Yadi, jihar Yobe, ko rundunar SBS ta sojan ruwa. Shirin da zan shimfiɗa maka zai yi wa mai neman shiga Daffo amfani, zai kuma yi wa sojan da ke bakin aiki yana jiran a kira sunansa.

Ka ba kanka wata shida. Zuciya da huhu kan yi ƙarfi cikin 'yan makonni, tsoka ta biyo baya, amma ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. Wanda ya matse shirin wata shida cikin mako biyar, numfashinsa zai ruɗe shi ya ga kamar ya shirya, alhali ƙwaurinsa na dab da tsagewa.

Mataki na 1: Asibiti kafin fili

Kafin ka ɗaura takalmi, je ka ga likita ka faɗa masa abin da kake shirin yi. A auna hawan jini, a saurari zuciya da ƙirji, a duba ido da kunne da haƙori, a yi gwajin ciwon hanta, a duba ko kana da gwaiwa ko ƙaba. Duk abin da ka ɓoye a yau, gwajin lafiya na soja zai tono shi, in kuma ya tsallake gwajin, nauyin kaya zai tono shi a inda babu asibiti kusa. Idan kana da tsohon targaɗe a idon sawu ko gwiwar da ke kumbura bayan ƙwallo, yanzu ne lokacin gyaransu.

Ka san rukunin jininka na gado. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai AS ba mai ciwon sikila ba ne, kuma da yawansu suna wasanni lafiya lau, amma haɗarin faɗuwa kwatsam ya fi yawa gare shi idan ya takura jiki iya takurawa cikin zafi da ƙishirwa, musamman idan bai saba ba. In kai AS ne, ka tattauna da likita, ka kuma karanta sharuɗɗan da aka fitar a sanarwar ɗaukar aiki ta shekarar.

Zazzaɓin cizon sauro ma ba abin rainawa ba ne. Kwana biyar a kwance kan cinye aikin mako uku. Ka kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ka ka yi gwaji ka sha magani har ƙarshe, kuma kada ka fita gudu da zafin jiki.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta ƙwaya. Na sha jin samari na cewa tiramol na ba da ƙarfin gudu. Abin da yake yi shi ne ya kashe jin ciwo, ciwo kuwa shi ne ɗan aiken da ke gaya maka ƙashi ya kusa tsagewa. Yana jawo farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma gwajin fitsari na nuna shi. Haka allurar ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye a wuraren ɗaga ƙarfe. Idan kana shan taba, ka daina tun daga makon farko.

Mataki na 2: Gwada kanka, ka rubuta gaskiya

Sayi ƙaramin littafi. A rana ɗaya, da safe, ka yi waɗannan ka rubuta sakamakon: gudun kilomita 2.4 da agogo, tura-ƙasa (abin da samari ke kira firesof) iya adadin da za ka yi cikin minti 2, tashi daga kwance da ƙarfin ciki cikin minti 2, sai rataye a ƙarfe kana jan jikinka sama har haɓarka ta wuce shi.

Don ka sami ma'auni, ga mafi ƙarancin abin da ake nema daga mai son shiga horon SEAL, wato zaratan sojojin ruwan Amurka na Koronado: iyon kimanin mita 457 cikin minti 12 da daƙiƙa 30, tura-ƙasa 50, na ciki 50, jan jiki sama 10, da gudun kilomita 2.4 cikin minti 10 da rabi. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai, waɗanda ake zaɓa sukan zarce shi nesa. Kowace runduna da nata ma'aunin, amma wanda ya wuce waɗannan lambobi cikin sauƙi ba zai ji kunya a ko'ina ba.

Ka maimaita gwajin duk bayan mako huɗu, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Ka samu aboki ya riƙa ƙirga maka, mai tsauri wanda ba zai ƙirga rabin firesof a matsayin ɗaya ba.

Mataki na 3: Gudu, amma a hankali

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya fita kullum ya zuba gudu har sai numfashi ya sarƙe. A watan farko, sassarfa kawai za ka yi, sau uku a mako, minti 20 zuwa 30, a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. Idan ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Wannan sassarfar mai kama da wasa ita ce ke gina tushen da komai zai hau kai.

Kowane mako ka ƙara kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi a makon baya. Kowane mako na huɗu kuma ka rage, jiki ya sarara. Daga wata na biyu ka ware rana ɗaya ta sauri: mita 400, wato zagayen filin ƙwallo ɗaya da ɗan ƙari, da ƙarfi, sai ka yi tafiya minti ɗaya da rabi, ka sake, har sau shida. Sannu a hankali ka kai sau goma. Wata rana ɗaya kuma ta dogon zango ce, ka riƙa tsawaita ta har ta kai kilomita 12 a wata na huɗu, 15 ko 16 a na biyar.

Ka nemi ƙasa ko turɓayar gefen hanya fiye da kwalta. Ka sa kambas mai laushin ƙasa, ba silifas ba, ba kuma takalmin ƙwallo ba. Ka koyi bambance ciwo biyu. Tsamin tsoka da ya bazu ko'ina, yana sauƙi in jiki ya ɗumama, wannan na lafiya ne. Amma ciwon da za ka iya nuna shi da ɗan yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, yana ƙaruwa in kana gudu, har yana damunka cikin dare, wannan alamar tsagewar ƙashi ce. Ka tsaya ka je asibiti. Hutun mako biyu a lokacin ya fi hutun wata uku daga baya.

Mataki na 4: Kaya a baya

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne masu gudun tsere da masu ƙirar ƙarfe suke shan mamaki. Soja da ƙafa da gadon baya yake cin abinci. Dubi yadda rundunar SAS ta zaratan sojojin Birtaniya ke tantance nata: kai su ake yi tsaunukan Brecon Beacons na yankin Wales, a ɗora musu kaya, a sake su. Akwai tafiyar kilomita 24 da ake haye dutsen Pen y Fan mai tsayin mita 886, a gangara ɗaya gefen, a juyo a sake haye shi. Ta ƙarshe kuwa kimanin kilomita 64 ce, da jaka mai kusan kilo 25 ban da bindiga da ruwa, a gama cikin sa'o'i 20 ko kusa da haka. Babu wata dabara a ciki face ƙafa da ta saba.

Ka fara a wata na biyu, sau ɗaya a mako. Jakar goyo mai faɗin maɗauri, kilo 8 zuwa 10, kilomita 5. Abin da ya fi dacewa da yin nauyin shi ne ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, in tafiya ta gagara ka zubar ka dawo da sauƙi. Yashi a cikin leda ma yana yi. Ka naɗe shi da bargo ko tawul, ka ɗora shi sama-sama a jakar, manne da baya. In nauyin ya zauna a ƙasa, zai riƙa janyo kafaɗa baya yana dukan ƙugu.

Duk bayan mako biyu ka ƙara ko nisa ko nauyi, kada ka ƙara duka biyun tare. Burinka a wata na biyar shi ne kilo 20, kilomita 20, a saurin kilomita 6 cikin sa'a. Ba ka da buƙatar wuce wannan nauyin a gida, kuma kada ka yi gudu da kaya. Ka koyi tafiya mai sauri da gajeren taku. Gwiwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka, ka adana ta don ranar da za a tilasta ka. In akwai tudu kusa da kai, ka more shi: Dala da Gwauron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, duwatsun Jos. In babu, matakalar bene ko ta filin wasa ta wadatar.

Wani abu da ba a tunawa da shi sai an shiga matsala: a yanayin da ake ciki, saurayi da ƙatuwar jaka yana sauri da asuba abin zargi ne. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin unguwarku abin da kake yi. Ka riƙe katin shaida. Ku tafi ku biyu ko uku, ku bi hanyar da jama'a ke bi, kada neman jarunta ya kai ku dajin da babu tsaro. In ba soja ba ne kai, kada ka sa kakin soja ko wani abu mai kama da shi, laifi ne a doka.

Ƙafa kuwa, ka kula da ita kamar yadda mai doki ke kula da kofato. But ɗin da za ka yi tafiya da shi ya ɗan fi ƙafarka kaɗan, domin ƙafa na kumbura a doguwar tafiya. Ka fara sa shi a gida da kasuwa na tsawon makonni har ya yi laushi. Safar auduga na riƙe gumi tana jawo bororo, ta ulu ko ta roba-roba ta fi. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi-zafi, tsaya nan take ka manna filasta tun bai tashi ba. Ƙaramin bororo a bar shi. Babba mai hana taku a huda shi ta gefe da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a kai, a rufe. Bayan kowace tafiya ka wanke ƙafa, ka busar da tsakanin yatsu, ka canza safa.

Mataki na 5: Ƙarfin jiki

Sau biyu ko uku a mako, minti 40 sun isa. Tura-ƙasa, jan jiki sama, tsugunna-tashi, taku mai zurfi da ƙafa ɗaya, hawa benci da kaya, da ɗaukar jarkoki biyu na ruwa kana tafiya da su. Wannan na ƙarshen yana ƙarfafa riƙo da kafaɗa da ƙugu a lokaci guda, kuma shi ya fi kama da abin da za a sa ka yi da akwatin harsashi ko gadon ɗaukar majinyaci. Ba ƙaton damtse ake nema ba. Duk tsokar da ba ta aiki, kaya ce da za ka hau dutse da ita. Ka bar tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwale, za ka same su a can, kuma suna cin gwiwa.

Mataki na 6: Iyo

Da yawanmu 'yan Arewa mun girma ba mu iya ruwa ba, kuma tsoronsa ya fi rashin iyawar illa. In sojan ruwa kake nufi, wannan shi ne babban aikinka. Ko sojan ƙasa ne, wata rana za ka tarar da kogi a gabanka. Ka nemi wurin ninƙaya na otal ko makaranta ko bariki, da mai koyarwa a tsaye. Ka fara da sa fuska cikin ruwa kana fitar da numfashi, sai kwanciya a kan ruwa, sai tsayawa a wuri mai zurfi ba tare da taɓa ƙasa ba, sannan nisa. Kada ka koya a dam ko kududdufi, akwai nutsewa, akwai tsargiya. Kada kuma ka taɓa gwada riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa kai kaɗai. Suma ba ta sallama, gwanaye ma ta kashe su.

Mataki na 7: Zafi da ruwan sha

A watan Yulin 2013, sojoji uku na rundunar ko-ta-kwana ta Birtaniya suka rasu sanadin wata tafiyar gwaji ta kimanin kilomita 26 a waɗancan tsaunuka na Brecon Beacons. Zafi ne ya kashe su, a ƙasar da aka sani da sanyi, a ranar da zafinta bai kai na bazarar Sakkwato ko Maiduguri ba. Matasa ne masu ƙarfi, kuma irin zuciyar da ake nema a wurin ce ta sa suka ci gaba bayan jiki ya ce a tsaya. Ka riƙe wannan labari. Haihuwa a ƙasar zafi ba ta sa mutum ya gagari zafi idan ya ɗauki kaya yana sauri.

Jiki na sabawa da aiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14 idan aka bi shi sannu. Mafi yawan horonka ka yi shi bayan sallar asuba ko da yamma liƙis. A watanni biyun ƙarshe ka riƙa sa 'yar tafiya mai sauƙi da hantsi, minti 30, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka bar wa rana tsakiyarta.

Mai aiki cikin zafi kan zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a sa'a. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce da ya kamata ka mayar. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe. A doguwar tafiya ruwa zalla bai isa ba, yawan ɗura shi ma ba tare da gishiri ba yana da nasa haɗarin. Ka riƙe ƙullin ruwan gishiri da sukari na kemis, da ɗan dabino ko gyaɗa.

Fitsari madubi ne. Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya koma kamar shayi ba madara, ga tsananin ciwon tsoka bayan horo mai nauyi, asibiti za ka nufa a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari. In kuwa abokin tafiyarka ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya rikice bai san inda yake ba, ka cire masa kaya, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa a duk jiki kana fifita, wani kuma ya nemo abin hawa. Sanyayawar ita ce gaba, kada a jira sai an isa asibiti.

Mataki na 8: Ci da barci

Ba ka buƙatar garin gwangwani mai tsada. Tuwo, shinkafa, dankali da doya su ne man tafiya. Wake, ƙwai, awara, kifi, nono, ƙuli-ƙuli da nama in ya samu su ke gyara tsokar da horo ya yaga, ka tabbata akwai ɗayansu a kowane cin abinci. Fura da nono bayan doguwar tafiya ta haɗa komai. Zogale, alayyafo da kayan marmari kada su yanke. Barci sa'a bakwai zuwa tara, domin a cikinsa ne jiki ke ginuwa, ka kuma bar rana ɗaya a mako babu horo sam.

In azumi ya faɗo cikin shirinka, ka rage nauyin aiki, ka mayar da horo bayan buɗa-baki ko bayan asham, ka sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur. Doguwar tafiya da kaya ta jira bayan salla.

Mataki na 9: Zuciya

Akwai mako guda a horon SEAL da ya yi suna saboda azabarsa: kwana biyar da rabi ana aiki cikin ruwan sanyi da yashi, barcin duka makon bai wuce sa'a huɗu ba. Waɗanda suka tsallake sukan faɗi abu iri ɗaya, cewa ba su taɓa tunanin Juma'a, ranar da ake gamawa, ba. Abin da ke ransu shi ne su kai ga abinci na gaba. In wannan ya yi nisa, su kai ga ƙarshen wannan gudun. In shi ma ya yi nisa, taku goma masu zuwa. Wanda ya tsaya cikin sanyi daren Litinin yana lissafin kwanakin da suka rage, shi ke nufar ƙararrawa. Ka fara koyon wannan tun a gida. In jaka ta yi nauyi a kilomita na 14, manta da shidan da suka rage, ka ce wa kanka sai waccan bishiyar kuka. In ka isa, ka zaɓi wata.

Ka ɗaukar wa kanka doka ɗaya tun yanzu: ba ka yanke shawarar bari cikin dare, ko da yunwa, ko a tsakiyar wahala. In za ka bari, sai gari ya waye, ka ci abinci, rana ta taɓa jikinka. Sau da yawa a lokacin za ka nemi dalilin barin ka rasa.

Juriya ba a wa'azi ake samunta ba, a cika ƙananan alkawura ake tara ta. Ka sa lokacin fita, ka fita, ko ana yayyafi, ko hunturu na busawa, ko abokin tafiya bai zo ba. Ka bar waƙa a kunne, domin a can babu ita, ka saba da jin muryar da ke cewa ka tsaya ba tare da ka yi mata biyayya ba. Sau ɗaya a wata ka shirya wa kanka rana mai tsanani, tafiya da kaya da asuba, aikin ƙarfi da yamma, washegari ka sake fita da gajiyar. Amma kada ka mayar da hana kai barci horo. Ba a sabawa da shi, rushe jiki kawai yake yi.

Ka koyi numfashin da ke kwantar da faɗuwar gaba. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, riƙe huɗu, saki huɗu, dakata huɗu, ka maimaita na minti biyu. Ka yi shi kullum bayan gudu har ya zama jiki, don ranar da za ka tsaya a bakin ruwa mai zurfi ko saman hasumiya ya zo maka da kansa.

Masu horarwa iri biyu ne. Wasu tsawa da zagi za su yi ta yi maka. Na SAS a kan tsaunuka an san su da shiru, ba yabo ba fallasa, su ba ka wurin da za ka je na gaba su kau da kai. Duka biyun abu ɗaya suke dubawa: shin za ka ci gaba da aiki daidai ba tare da wani ya lallashe ka ba? Tsawar ba ƙiyayya ba ce, kada ka kai ta zuci. Ka amsa, ka yi abin da aka ce, ka wuce. In ka yi kuskure ka amsa laifinka da gajeriyar magana.

Kuma ana kallon yadda kake da 'yan'uwanka. A Koronado, ƙungiya-ƙungiya ake ɗora wa gungumen itace da kwale-kwalen roba a ka, duk wanda ya sunkuya ya bar wa sauran nauyi kowa zai gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ka haɗu da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare, Musulmi da Kirista, a ƙarƙashin gungume ɗaya. Wanda ya raba ruwansa, ya ɗaga wanda ya faɗi, yakan mance da tasa gajiyar.

Ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka dalilin da ya sa kake son wannan aiki. In don hoto da kaki ne, ba zai kai ka daren Talata ba. In don ka ga abin da rashin tsaro ya yi wa ƙauyenku ne, ko don ka tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu, ka rubuta shi a shafin farko na littafinka. Aikin nan ana rasa rai a cikinsa, ka faɗa wa iyayenka gaskiyar haka, ka nemi albarkarsu. In kana da iyali, ka tsara musu abin da za su ci, ka biya bashin da za ka iya, domin damuwar gida ta fi jaka nauyi. Ka riƙe salla da addu'a, ka kuma riƙe horo, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Mataki na 10: Taswira da kamfas

In kai soja ne mai jiran zaɓe, ka ba wannan lokaci. Mai ƙarfin da ya ɓata hanya ya ninka wa kansa nisa. Ka auna mita 100, ka ƙirga takunka a kai, da kaya da ba kaya, a fili da a tudu, ka haddace. Ka koyi karanta layukan tudu da kwari a taswira, da ɗaukar alƙibla da kamfas, da rana sannan da dare. Ka roƙi wani saje da ya ƙware ya fita da kai. Waya ba za ta kasance a hannunka ba.

Mataki na 11: Makonni biyun ƙarshe

Yanzu sai sassautawa. Ka rage horo zuwa rabi a makon farko, zuwa kashi ɗaya cikin uku a na biyu. Tafiya da kaya mai nauyi ta ƙarshe ta kasance kwana goma kafin ranar. Za ka ji ƙafa na ƙaiƙayin fita, ka danne. Babu ƙarfin da za ka ƙara a kwanakin nan, rauni kawai za ka iya jawowa. Ka bar ƙwallon unguwa da hawan babur na ganganci.

Mai neman shiga Daffo ya haɗa takardunsa na asali da kwafinsu: shaidar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, lambar NIN, ya tabbata suna da ranar haihuwa sun dace a ko'ina. Neman shiga soja kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka ɗan damfara ne.

Ka yanke farcen ƙafa kwana uku kafin tafiya, a miƙe, kada ka shiga gefe. Kada ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa, kada ka gwada abincin da cikinka bai sani ba. Ka shirya jaka tun da rana bisa jerin da aka ba ka, ka sa filasta da safa ta canji a inda hannu zai kai cikin duhu, ka cika gorunan ruwa, ka yi sallama da mutanen gida, ka kwanta da wuri bayan isha'i.